Tsakanin Dalma da Litiyam: Wane Batir Ya Dace da Riruwai?

Matafiyin da ya bar birnin Kano ya nufi kudu, ya karya a Kwanar Ɗangora, ya ratsa Tudun Wada da Dajin Falgore, a ƙarshen tafiyarsa zai yi arba da tsaunukan Riruwai, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa. Garin ya yi suna da kuza tun kafin zuwan Turawa, lokacin da maƙera kan narka ta su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni. Masana ilmin duwatsu sun ce waɗannan tsaunuka saura ne na wani tsohon dutse mai aman wuta da ya yi zamaninsa kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce, kuma a tsakiyarsu akwai wata jijiyar ma'adini da ta miƙe daga gabas zuwa yamma har wajen kilomita 5. A cikin wannan jijiya akwai kuza, akwai tutiya, akwai kuma galina, wato baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake fitar da dalma daga jikinsa. Sa'an nan a jikin dutsen da ya rungumi jijiyar akwai wani ma'adini mai ɓawo-ɓawo da ake kira maika, wanda ke ɗauke da litiyam. Ashe ke nan ƙarafa biyun da ke takara a yau a cikin batura, dalma da litiyam, suna kwance a rami ɗaya a ƙarƙashin ƙasar Riruwai tun fil azal.

A bisa ƙasa kuwa takarar ta zama tambaya ta yau da kullum. Shugaban makarantar da baturan ɗakin kwamfutarsa suka mutu tun ba su cika shekara biyu ba, da jami'in asibitin karkara da fitilar ɗakin haihuwa ta ɗauke masa da tsakar dare, da mai shagon cajin waya, duk suna tambayar abu ɗaya: a sake sayen batir mai dalma irin wanda aka saba, ko kuwa a ciji yatsa a sayi na litiyam mai tsada? Amsar da hujjoji suka fi goyon baya ita ce a koma litiyam, musamman nau'insa da ake kira LFP. Amma fa wannan amsa tana da sharuɗɗa, kuma wanda ya ɗauki amsar ya watsar da sharuɗɗan zai iya yin gudun gara ya faɗa gidan zago.

Tun farko dai, ya kamata a gane irin aikin da ake ɗora wa batir a ƙasar nan. Wutar da tashoshin Nijeriya ke turawa a babban layi ta daɗe tana kai da kawowa tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga jama'a fiye da miliyan 200. A watan Oktoba na 2024, sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, Kano da maƙwabtanta sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. In birni ya ga haka, ina ga garin da ke can ƙarshen waya? Janareta da a da ake fakewa da shi ya zama sai mai hali tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Ga shi kuma buƙatar wuta a makarantu ta ƙaru: tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, saboda haka ɗalibin Doguwa ko Kiru da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya shiga jarrabawar da nakasu tun kafin ya ga tambaya ta farko. Abin da ya rage shi ne farantan sola da inbata da batura. A ƙasashen da aka ƙera na'urar UPS da makamantanta, batirin ko-ta-kwana mai gadi ne da kan shekara yana zaune, sai sau ɗaya ko biyu a tashe shi na 'yan mintoci. A nan kuwa lebura ne, kullum sai ya yi dako daga magariba har asuba.

Batir mai dalma tsoho ne ƙwarai. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau tsarinsa bai canja sosai ba. A cikin kowane ɗaki nasa akwai farantai iri biyu, ɗaya na dalma zalla, ɗaya na dalmar da ta haɗu da iskar oksijin, an tsoma su cikin ruwan batir, wato asid mai ƙuna. Kowane ɗaki yana ba da bolt 2, shi ya sa ake jera ɗakuna shida a sami bolt 12. Idan ana jan wuta, farantan biyu sukan riƙa rikiɗewa zuwa wani farin gishiri, salfet ɗin dalma, ruwan kuma ya riƙa tsinkewa. Idan aka sa caji, sai gishirin ya narke, komai ya koma yadda yake.

A nan ne matsalar take. Gishirin nan ba ya narkewa duka sai an cika batirin fal, kuma cikawar tana cin lokaci, domin kashi na ƙarshe na cajin a hankali yake shiga, kamar mai ɗura ruwa a tulu mai ƙaramin baki. Sau da yawa sai an yi awa takwas ko fiye. Idan wuta ta zo na awa uku ta ɗauke, ko kuma hadarin watan Agusta ya rufe rana kwana da kwanaki, batirin zai koma bakin aiki bai ƙoshi ba. Gishirin da ya saura sai ya daskare ya zama ƙanƙara mai tauri a jikin farantai, wadda caji ba ya iya narkar da ita kuma. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har batirin da a da yake kai wa asuba ya koma ba ya wuce sallar isha'i. Mutane kan ce an sayar musu da jabu. Wani lokaci haka ne, amma galibi yunwa ce ta kashe shi.

Bayan wannan, batir mai dalma ba ya son a juye shi ƙarƙaf. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kada a ci fiye da rabin abin da ke cikinsa in ana so ya yi ƙarko. Haka kuma adadin da aka rubuta a jikinsa, kamar 200Ah, an auna shi ne bisa jan wuta a hankali cikin awa 10 ko 20. In aka ja da ƙarfi, abin da zai bayar bai kai haka ba. Sai kuma zafi. An ƙiyasta rayuwarsa ne a kan digiri 25 na ma'aunin Salsiyas, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwar rufaffen batir mai dalma gida biyu. Kowa ya san yadda ɗaki mai rufin kwano yake a watan Afrilu a ƙasar Kano, lokacin da zafin waje kansa kan haura digiri 40. Riruwai, saboda tudunta, ta ɗan fi Bebeji da Kiru sauƙi a wannan fanni, amma bazara bazara ce.

Shi kuwa litiyam, wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Johan August Arfwedson ne ya gano shi a 1817. Shi ne na uku a jadawalin sinadarai, kuma ya fi kowane ƙarfe rashin nauyi, har yakan yi iyo a kan ruwa. Dalma kuwa ita ce ta 82, ta kuma ninka ruwa nauyi fiye da sau 11. Kamfanin Sony ne ya fara fitar da batirin litiyam mai caji kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar yabo ta Nobel saboda aikinsu a kansa. Yadda yake aiki ya sha bamban da na dalma. Farantansa ba sa rikiɗewa zuwa wani gishiri. Ƙwayoyin litiyam ne kawai ke ƙaura daga wannan gefe zuwa wancan, su shige cikin ƙananan ramukan da ke jikin farantin su zauna, in aka juya akalar wutar su dawo, kamar tantabaru tsakanin ɗakuna biyu. Saboda haka ba ya damuwa in an bar shi da rabin ciki. Hasali ma zama a tsaka-tsaki ya fi masa daɗi a kan zama cike fal.

Sai dai kalmar litiyam suna ne na dangi, ba na mutum ɗaya ba. Wanda ke cikin wayar hannu da kwamfutar tafi-da-gidanka yana da sinadarin kobal, wani kuma har da nikel da manganis. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne mai ƙarfe da fosfet, wanda ake rubuta LFP ko LiFePO4 a jikinsa, kuma ɗakin binciken Goodenough a Jami'ar Texas ne ya bayyana shi a wajen 1996 zuwa 1997. Bai kai 'yan'uwansa tara wuta a ƙaramin jiki ba, amma batirin da zai zauna a kusurwar ɗaki ba ruwansa da wannan. Abin da ya fi su da shi shi ne juriya da sanyin hali.

Lissafi ya fi gardama

Ɗalibin ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare zai iya yin wannan lissafi a bayan littafinsa. A ɗauki batir mai dalma na bolt 12 da 200Ah. In aka ninka 12 da 200 za a sami 2,400, wato yunit 2.4 na irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Tun da rabi kawai ya kamata a ci, abin amfani shi ne yunit 1.2 a kowane dare. Na LFP mai girma ɗaya yana da bolt 12.8, wato yunit 2.56, kuma ana iya cin kashi 80 cikin ɗari nasa ba tare da an cuce shi ba: kimanin yunit 2 ke nan. Tun a nan an ga cewa guda ɗaya na LFP ya kusa yin aikin biyu na dalma, alhali nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba, na dalma kuwa yakan kai kilo 60.

Yanzu sai a dubi tsawon rai. Cikawa da juyewa sau ɗaya shi ake kira zagaye ɗaya. Rufaffen batir mai dalma na gama-gari yakan yi zagaye 300 zuwa 500 a irin wannan aiki. Dogon nan mai ruwa da ake ƙara wa ruwa lokaci-lokaci, in mai kyau ne kuma ya sami kulawa, yana iya haura 1,000. LFP mai inganci yakan yi daga 2,000 zuwa sama, wasu masana'antu ma har 6,000 suke rubutawa. A yi wa dalma adalci a ba ta 1,000, a kuma matse LFP a ba shi 3,000. Na farko zai ba da yunit 1,200 a duk rayuwarsa, na biyu yunit 6,000. Wato ko da farashin LFP ya ninka na dalma sau uku, kowane yunit da ya bayar ya fi araha nesa ba kusa ba. Ba a ma sa kuɗin motar da za ta ɗauko sababbin batura daga Kano duk bayan shekara ɗaya ko biyu ba, ba a kuma sa makonnin da ɗakin kwamfuta zai yi a kulle ana jiran a amince da kuɗin ba.

Akwai wata ribar da ba ta fitowa a wannan lissafi. Daga kowane yunit 100 da aka zuba wa batir mai dalma, kimanin 80 ne ke dawowa, saura sun tafi a zafi da tafasar ruwa. LFP yakan dawo da fiye da 90. Yana kuma iya shanye caji cikin awa biyu zuwa huɗu in caja tana da ƙarfin ba shi. Ga garin da wuta ke leƙowa ta koma, ko makarantar da farantan solarta ƙalilan ne, wannan shi ne bambanci tsakanin batirin da ya cika da wanda bai taɓa cika ba.

To, in haka ne, me ya hana kowa komawa? Kuɗin farko. Gaskiya ne farashin baturan litiyam a kasuwar duniya ya faɗi warwas, daga fiye da dala 1,000 kan kowane yunit na ma'aji a 2010 zuwa kimanin dala 115 a 2024, amma wannan farashin manyan masana'antu ne, kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa da faɗuwar darajar naira. Mai shagon caji da jarinsa bai taka kara ya karya ba yana da uzuri in ya sayi abin da aljihunsa zai ɗauka. Wanda ba shi da uzuri shi ne hukuma ko ƙungiyar da ke ba da kwangilar sa sola a makaranta ko asibiti, ta zaɓi mafi araha a takarda, a yanka kirtani a ɗauki hoto, bayan shekara biyu farantan suna nan lafiya lau a kan rufi amma ɗakin duhu ne. Farantin sola yakan yi shekara 20 zuwa 25. Haɗa shi da batirin shekara biyu, ba tare da tanadin kuɗin sauyi ba, ɓarnar dukiyar jama'a ce, araha kuma ba ta ado.

Sharuɗɗan sauyi

Tsoron da mutane ke yi wa litiyam game da gobara ba tatsuniya ba ce. A ranar 26 ga Satumba, 2025, wani batirin litiyam na ko-ta-kwana ya kama da wuta a cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon, lokacin da ma'aikata ke ƙoƙarin sauya wa baturan wuri, abin da ya tsayar da fiye da tsare-tsaren kwamfuta 600 na gwamnati. In hakan ta faru a ƙasar da ke cikin manyan masu ƙera batura a duniya, bai kamata a yi wasa da lamarin a ɗakin ajiyar makarantar kwana ba. Abin da ke sa gobarar irin waɗannan batura wuyar kashewa shi ne, nau'in mai kobal da nikel in ya yi zafi ya wuce kima yakan saki iskar oksijin daga jikinsa, wato yana hura wutar da kansa. A LFP fosfet ya riƙe oksijin ɗin gam, shi ya sa ya fi wuyar kamawa ƙwarai. Ya fi wuya, amma ba a ce ba ya yiwuwa ba.

Akwai kuma dalili na lissafi da ya sa LFP ne kaɗai ya dace da gurbin dalma. Kowane ɗakinsa bolt 3.2 ne, huɗu sun ba da 12.8, kuma iyakar cajinsu 14.6, wanda ya yi kusa da abin da cajar batir mai dalma ke bayarwa. Ɗakin nau'in wayar hannu kuwa bolt 3.7 ne, iyakarsa 4.2. In aka jera uku, iyakarsu 12.6, cajar inbata mai ba da 13.8 ko 14.4 za ta ɗura musu fiye da ƙima, wanda shi ne babbar hanyar tashin gobara. In aka jera huɗu, ba za su taɓa cika ba. Wannan gargaɗi ne na musamman ga ɗalibai masu basirar hannu da kan tsinto ƙwayoyin tsofaffin baturan kwamfuta su harhaɗa. Basirar abin yabo ce, amma kada a jona abin da aka harhaɗa a cajar da ba tasa ba, kada kuma a kwana da shi a ɗaki.

Kowane batirin litiyam na kirki yana da wani ɗan allon lantarki a cikinsa, ana rubuta shi BMS, wanda aikinsa gadi ne: yana lura da kowane ɗaki, ya daidaita su, ya yanke wuta in caji ya yi yawa, ko batir ya kusa ƙarewa, ko zafi ya wuce iyaka. Batirin da ba shi da wannan mai gadi, ko yake da na bogi, bai cancanci a shigo da shi harabar makaranta ba. Sa'an nan dole a duba yawan wutar da mai gadin ya yarda ta wuce. Kayan da ke jan wat 600 daga batir mai bolt 12 suna neman fiye da amfiya 50. In an yi allon ne don amfiya 20, da zarar wuta ta ɗauke shi ma zai ɗauke, a daidai lokacin da aka saye shi dominsa.

Inbata ma sai an saita ta. Tsarin nan na tafasa batir mai ruwa da bolt 15 ko fiye don wanke farantansa dole a kashe shi, domin guba ne ga litiyam. Ba a gama tsohon batir mai dalma da sabon LFP a layi ɗaya. Kada kuma a yarda da fitilun da ke nuna saura nawa, domin inbatar da aka yi don dalma tana auna ƙoshin batir ne da saukar bolt, shi kuwa LFP bolt ɗinsa kusan a tsaye yake har sai ya zo gab da ƙarewa, sa'an nan ya faɗi farat ɗaya. Ƙaramar UPS ta kan tebur tana da nata tarkon: an ƙera ta ne don aikin minti goma ko sha biyar, da yawa ba su da fanka, saboda haka wanda ya ɗaura mata ƙaton batir don ta yi awa uku zai iya ƙona ta. Game da sanyi, ba a cajin litiyam in ma'auni ya sauka ƙasa da sifiri, amma ko hunturun Riruwai da ake ba da labarinsa ba ya zama abin damuwa a cikin ɗaki. Zafi ne abokin gaba a nan ma, don haka inuwa da iska wajibi ne.

Akwai inda dalma ke da sauran aiki, kamar tayar da injin mota da janareta. Akwai ma inda ya fi kyau a rabu da batir baki ɗaya: firijin allurar rigakafi, wadda dole ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, yanzu akwai irin wanda ke jan wuta kai-tsaye daga sola ya daskarar da ƙanƙara da rana, ƙanƙarar ta riƙe sanyin har gari ya waye. An koma gare shi ne saboda mutuwar batura na cikin manyan abubuwan da suka riƙa kashe firijin sola na farko.

Ina tsohon ya tafi?

Wannan ita ce tambayar da ba a cika yi ba, alhali ta fi sauran nauyi. Fiye da rabin nauyin batir mai dalma dalma ce, kuma tana da kuɗi, shi ya sa 'yan gwangwan ba sa barin mataccen batir ya kwana. A inda aka tsara abin da kyau wannan alheri ne. A Amurka kusan kashi 99 cikin ɗari na irin waɗannan batura ana sake sarrafa su. Amma inda ake fasa batir da gatari a bayan gida, a tuttular da ruwansa a ƙasa, a narka farantan a buɗaɗɗiyar tukunya, ƙurar dalma takan bi iska ta sauka a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta har abada, in ta yi yawa ta kawo farfaɗiya da mutuwa.

Arewa ta riga ta ga wannan da idonta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce. Wadda ta fito daga batura kai-tsaye ita ce ta unguwar Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, inda yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008. A 2025 kuma binciken 'yan jarida ya nuna dalma mai yawa a jinin ma'aikata da mazauna garin Ogijo na Jihar Ogun, inda masana'antun narka tsofaffin batura suka taru, har hukuma ta rufe wasu daga cikinsu. Nijeriya ta fitar da dokar kula da batura a 2024 a ƙarƙashin hukumar NESREA, sai dai tsakanin doka a Abuja da bayan shago a kasuwar ƙauye akwai tafiya.

Ma'anar wannan ita ce, in makarantu da asibitoci da gidajen kudancin Kano suka koma litiyam cikin 'yan shekaru, tarin matattun batura masu dalma zai fito lokaci guda, kuma makarantar da ta sayar da nata ga duk wanda ya zo da kura ta iya sa hannu wajen cutar da yaran da gobe za su zauna a ajinta. Abin da ya dace shi ne a rubuta a cikin yarjejeniyar saye cewa mai kawo sabon batir shi zai kwashe tsohon, a rufe, da ruwansa a ciki, ya kai wa masu sarrafawa da ke da lasisi, ya kuma kawo takardar shaida. Kafin ya zo, a ajiye shi a tsaye, a inuwa, a kan siminti, nesa da rijiya da ɗakin girki. Sharaɗin ya shafi sabon ma. LFP ba shi da dalma, amma da yake babu ƙarfe mai tsada a cikinsa, ɗan gwangwan ba zai yi zawarcinsa ba, ƙarshensa bola, inda ake cinna wa shara wuta. Shekara goma kamar gobe ce.

Litiyam ɗin ma ba daga sama yake faɗowa ba. Yawancin na duniya daga duwatsun Ostireliya da tafkunan gishirin Chile da Ajantina yake fitowa, Sin kuma ce ke tace mafi yawansa. A Nijeriya an buɗe masana'antar sarrafa dutsensa a Jihar Nasarawa a watan Mayu na 2024, kuma a ƙarshen shekarar rahotanni suka nuna yara ƙanana suna aiki a ramukan haƙarsa na bayan fage a jihar. Mutanen Riruwai ba sa buƙatar a ba su labarin yadda irin wannan kasuwa take. A shekarun 1970 aka haƙa musu rami mai zurfi don kuza da tutiya, aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Samun litiyam a jikin maika ba ya nufin akwai shi da yawan da zai biya kuɗin haƙa, ko da yake a Zinnwald, tsohon garin kuza da ke kan iyakar Jamus da ƙasar Cek, irin wannan maika ce ake shirin haƙowa saboda batura.

Kafin nan, akwai aikin da malamin kimiyya zai iya ba ɗalibansa a wannan zangon karatu, da 'yar mitar awon bolt da littafin rubutu ɗaya. Su riƙa auna batirin makaranta sau biyu a rana, da hantsi da kuma bayan la'asar, bayan an cire masa caji da kaya ya ɗan huta, su rubuta adadin tare da zafin ɗakin da awoyin da aka sami wuta ko rana. Batir mai dalma da ya ƙoshi yakan nuna wajen bolt 12.7, in ya nuna 12.1 ko 12.2 ya kai rabi. Bayan wata uku za a ga sau nawa ya cika, sau nawa kuma aka juye shi fiye da ƙima, kuma wannan littafi ne shugaban makaranta zai ɗauka ya kai gaban ƙungiyar iyaye da malamai ranar da za a yanke shawarar abin da za a saya.